Abin Da Na Gani A Wuraren Gasar Mutum-Mutumi Ta 'Yan Makaranta A Abuja

A cikin watan Janairun 2024, hunturu na kan ganiyarsa, aka aike ni daga ofis in ɗauko labarin wata gasa ta 'yan makarantun sakandare da aka shirya a wani babban otal a tsakiyar Abuja. Gasar ta mutum-mutumi ce, watau 'yan na'urorin nan da yara kan haɗa da hannunsu, su rubuta musu umarni a kwamfuta, sa'an nan su sake su su yi aiki da kansu. Ko da ba a aike ni ba da na je, domin 'yar yayata, wadda ke aji huɗu a wata makarantar gwamnati can bayan Gwagwalada, tana cikin 'yan mata shida da makarantarsu ta turo. Tun sati biyu kafin ranar take bugo mini waya da wayar uwarta tana cewa, "Kawu, lalle ka zo ka gani." Na je na gani. Bayan wata biyu kuma na sake zuwa wata gasar a wani wuri dabam, wannan karon ba wanda ya aike ni. Abin da ya bambanta wuraren nan biyu shi nake so in bayyana wa masu karatu, tare da wani laifi nawa na kaina da ya daɗe yana ci mini rai.

Da farko ya kamata in yi bayani ga wanda bai taɓa gani ba, don kuwa sunan mutum-mutumi yakan ruɗi mutane. Abin ba shi da kai ko ƙafa irin na mutum. Wata 'yar mota ce da ba ta fi kwanon cin tuwo girma ba, an haɗa ta da 'yan robobin kamfanin LEGO, tana da tayoyi, da batir, da 'yar ƙwaƙwalwa da ake ɗura wa umarni, da kuma wani ido a ƙasanta mai gane launi, wanda da shi take bin baƙin layi. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta gwangwanin madara, muna janta da zare a bayan gida, ba za mu ga abin baƙo ƙwarai ba. Bambancin kawai shi ne tasu ba ta da zare. A makarantarmu ta sakandare muna da ƙungiyar JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, amma iyakar abin da muka taɓa haɗawa shi ne ƙararrawar ƙofa, ita ma ba ta yi ƙara ba ranar da baƙi suka zo.

Gasar da ta fi shahara a makarantunmu ita ce wadda ake kira FIRST LEGO League. Ta samo asali ne a Amurka a 1998, daga haɗin gwiwar kamfanin LEGO da ƙungiyar FIRST wadda wani maƙeri mai suna Dean Kamen ya kafa a 1989. A nan Nijeriya ƙungiyar Coderina ce ke gudanar da ita, da goyon bayan Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, shi ya sa makarantun haɗaka na Gwamnatin Tarayya suka yi yawa a cikinta, kuma an sha yin zagayen ƙarshe na ƙasa baki ɗaya a nan Abuja. Ƙa'idarta a rubuce take filla-filla. Ana yin wasan a kan wani tebur mai katanga, tsawonsa wajen ƙafa 8, faɗinsa wajen ƙafa 4, an shimfiɗa masa wata tabarma mai zane, an kafa 'yan ayyuka a kanta: wannan a tura shi, wancan a ɗaga shi, wani a ɗauko shi a kai gida. Minti biyu da rabi ake bayarwa. Da zarar na'urar ta bar gida ba mai tuƙa ta, idan kuwa yaro ya sa hannu ya taɓa ta a waje, sai a ɗauke masa alama ɗaya daga cikin shida da aka ajiye masa, makinsa ya ragu. Kowace ƙungiya takan yi wasa sau uku, a ɗauki wanda ya fi kyau. Wasan tebur ɗin ma kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sauran ukun sun haɗa da bayanin yadda aka ƙera na'urar, da wani bincike da yara kan yi a kan wata matsala ta zahiri, da kuma halin da suka nuna wa juna da abokan karawarsu.

To, gasar da aka yi a otal ɗin ba wannan ba ce. Wasu mutane ne dabam suka shirya tasu, suka ari tebur da tabarma irin na waccan, amma suka bar ƙa'idar a baya. Ba zan ambaci sunansu ko na otal ɗin ba, don ba tozarta kowa nake nufi ba.

Zauren kam, ban da abin da zan ce. Darduma mai taushi tun daga ƙofa, fitilu na reto daga sama, sanyin na'ura har sai da na yi da-na-sanin barin rigar sanyina a mota. An jera kujeru masu farin lulluɓi, an kafa manyan alluna biyu masu nuna hoto. 'Yan matanmu sun baro makaranta tun bayan sallar asuba a motar haya wadda malaminsu da iyaye suka yi karo-karo suka biya, kuma kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Da suka shigo sai suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, suna duban takalmansu da suka yi futu-futu da ƙura, kamar masu jin tsoron ɓata dardumar mutane.

An rubuta a takardar gayyata za a fara da ƙarfe tara. Manyan baƙi ba su iso ba sai sha biyu saura. A tsawon wannan lokaci teburin wasa ɗaya tak da ake da shi yana can bisa dandamali, an lulluɓe shi da kyalle, an hana kowa zuwa kusa, wai sai babban baƙo ya yaye. Babu teburin gwaji ko ɗaya. Ƙungiyoyi fiye da ishirin aka tara a wani lungu bayan kujeru, soket uku ne kawai a bangon, yara na ta layin cajin kwamfuta da batir kamar masu jiran famfo. Da baƙi suka zo aka shiga jawabai. Na ƙirga guda bakwai, kowanne kuwa sai ya gaya mana cewa yara su ne manyan gobe, alhali manyan goben na zaune a ƙasa a bayan zaure, wasu har sun fara gyangyaɗi. Ƙarfe biyu ta wuce kafin sanƙira ya ce a fara. Da yake lokaci ya ƙure, kuma an kama zauren ne zuwa ƙarfe biyar, sai aka sanar cewa za a yi sili-ɗaya-ƙwale: kowace ƙungiya wasa ɗaya, wadda ta gaza ta tafi gida.

A nan ne na koyi abin da ba a koya mini ba sa'ad da nake karatun difloma a aikin jarida. Ita wannan na'ura ba ta san darduma ba, ba ta san babban baƙo ba. Abu uku ta sani: ƙasan da take tafiya a kai, da hasken da ke shiga idonta, da ƙarfin batirinta. Dandamalin nan na katako ne, duk sa'ad da mai ɗaukar hoto ya taka sai tebur ya ɗan girgiza. Tabarmar kuwa da safen nan aka warware ta daga naɗi, gefenta ɗaya bai kwanta ba. Daɗin daɗawa an haska teburin da wata fitila mai ƙarfin gaske don hoton talabijin ya fito. Idon na'urar kuwa aikinsa shi ne ya haska ƙasa da ɗan haskensa, ya auna abin da ya dawo masa, ta haka yake rarrabe baƙi da fari. Yaran da suka daidaita shi da hasken ajinsu, in aka kawo su ƙarƙashin irin wannan fitila ba tare da an bar su sun sake aunawa ba, to an makantar musu da shi ke nan.

Haka kuwa aka yi. Na'urar 'yan matanmu ta fita gida lafiya, ta yi aikin farko, ta zo inda za ta kama baƙin layi ta juya dama, sai ta wuce abinta kamar ba ta gan shi ba, ta je ta tokari katanga, tayoyinta na ta juyawa a banza. 'Yar yayata ta ɗauko ta, aka rage musu maki, ta sake sakinta, ta sake yin haka nan. Minti biyu da rabi suka ƙare. Aikin wata huɗu ke nan, wanda suka riƙa yi bayan an tashi daga makaranta da kwamfuta ɗaya ta malaminsu. Ba wanda ya tambaye su yadda suka ƙera ta. Allon binciken da suka zana a kan tace ruwan rafi da yashi da gawayi yana jingine a bango har aka watse, ba alƙalin da ya dube shi. Ba su kaɗai abin ya shafa ba, na ga na'urori da yawa sun ɓace a daidai wannan kusurwa. Waɗanda suka tsira galibi 'yan makarantun kuɗi ne, kuma ba zan ce ba su cancanta ba. Sun saba zuwa irin waɗannan wurare, sun san halin fitila, sun rubuta umarninsu yadda bai dogara ga ido kaɗai ba.

Yanzu ga laifina. Na koma ofis na rubuta labari mai kyau. Na kawo sunan babban baƙo da muƙaminsa, na kawo abin da ya faɗa, na yaba wa zaure, na ce an yi taro lafiya an tashi lafiya. Hoton da na zaɓa na masu yanka kyalle ne. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, amma ban rubuta abin da ya faru ba. Da na kai ziyara gidan yayata na tarar yarinyar ta karanta. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Kawu, ashe kai ma ba ka ga fitilar ba?" Na rasa abin da zan ce mata, sai na ɗauki butar alwala na fita.

Gasa ta biyu an yi ta a watan Maris, a zauren cin abinci na wata makarantar kwana da ke wajen gari. Malaminsu ne ya yi ta lallashinsu har suka yarda suka shiga, don biyu daga cikinsu sun riga sun ce sun bar harkar. Wanda ya ga wurin daga waje zai raina shi. Daɓen siminti ne, rufin kwano, fankoki huɗu biyu ba sa aiki, ga zafin bazara ya fara. Bandaki kuwa gara kada in yi maganarsa. Iyaye ba su sami wurin zama ba, abinci bai iso ba sai bayan la'asar, ruwan sha ma sai da aka aika gari. Ba zan ɓoye wannan ba, don wahala ce ta gaske, musamman ga 'yan mata.

Amma na isa da wuri, na tarar da wani abu da ya tsaya mini a rai. Wani dattijon kafinta na durƙushe a gindin tebur, wata malama kuma ta ɗora batirin tocila a kwance a kan tabarma tana kallo. In ya gangara, sai ta ce, "Baba, a ƙara ta nan," shi kuma ya cusa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafar tebur, har sai da batirin ya tsaya cik a kowace kusurwa. Tebur huɗu suka yi wa haka, biyu na wasa, biyu na gwaji. An gaya mini tun kwana biyu kafin ranar aka shimfiɗa tabarmin, aka danne su da littattafai. Tagogin da ke gefen rana an toshe su da takardar buhun siminti, don hasken safe da na yamma su zama ɗaya. Kowace ƙungiya an ba ta benci da soket nata. Janareta na can nesa, an sa mutum guda ba shi da wani aiki sai kula da shi. An kuma liƙa takarda a ƙofa cewa ba a yarda mai ɗaukar hoto ya kunna walƙiya kusa da tebur ba, ni ma da katin aikina sai da aka ja mini kunne. Jawabi ɗaya aka yi, na shugabar makarantar, bai kai minti biyar ba.

Waɗannan sun bi ƙa'idar wasa uku. A zagayen farko na'urar 'yan matanmu ta sake kuskure, wannan karon ba fitila ba ce, ƙura ce ta hau tayoyi suka riƙa santsi. Bambancin shi ne suna da sa'a guda kafin zagaye na biyu, ga teburin gwaji a buɗe. Na tsaya a bayansu ina kallo. Suka goge tayoyi da gefen hijabi, suka yi gardama, ɗaya ta ce a rage gudu, ɗaya ta ce a'a, a canja kusurwar juyi, suka gwada, ta ƙi, suka sake. Malaminsu na can gefe ya harɗe hannu, don an hana malamai taɓa kwamfuta. Ban taɓa ganin yara suna koyon abu da sauri kamar a wannan sa'a ɗaya ba. A zagaye na biyu makinsu ya ninka. A na uku wata yarinya daga wata makaranta, wadda su ne abokan karawarta, ta ara musu wayar haɗi da tasu ta lalace.

Sa'an nan aka shigar da su aji, gaban alƙalai uku, kimanin rabin sa'a. Mu ba a bar mu mun shiga ba, ta taga na leƙa. A ganina wannan ɗaki shi ne ya fi kome amfani a cikin tsarin duka, domin a nan ne asirin na'urar da malami ya ƙera wa yara yake tonuwa. In aka tambayi yaro me ya sa ya sa wannan haƙori a nan bai sa shi can ba, wanda ya haɗa da hannunsa zai ba da labari har da na kuskuren da ya yi, wanda aka haɗa wa kuwa sai ya dubi ƙofa. Wasan tebur kaɗai ba ya iya tona wannan. Gasar World Robot Olympiad, wadda aka fara a Singafo a 2004, tana da tata dabarar: takan fito da wata sabuwar ƙa'ida ba zato a ranar gasa, dole yara su gyara umarninsu nan take ba malami a kusa.

Akwai kuma wani tsari dabam da ya kamata masu shirya irin wannan taro su sani, ko da yake ya fi tsada. A gasar VEX da ta FIRST Tech Challenge, fili ne a ƙasa mai ƙafa 12 kowane gefe, na'urorin manya ne, kuma bayan ɗan lokacin da suke tafiya da kansu sai yara su karɓi tuƙi da hannu. A nan ana haɗa makarantu biyu su zama ɓangare ɗaya su kara da wasu biyu, kuma abokin tafiyarka na yanzu yana iya zama abokin karawarka a wasa na gaba. 'Yan kallo sun fi jin daɗin wannan, don ya yi kama da ƙwallo, shi ne kuma ya dace da babban zaure irin na filin wasa na Moshood Abiola da aka gina don wasannin Afirka na 2003. Amma ni dai ban ga hikimar makarantar da ba ta da kwamfuta biyar ta fara da shi ba.

Irin wannan haɗin ɓangare ake yi a gasar ƙasashe ta FIRST Global, wadda aka fara a Washington a 2017, aka kai ta Dubai a 2019, Janiba a 2022, Singafo a 2023, Atina a 2024. Zaurukansu ba a magana. Sai dai a waccan ta farko an hana 'yan mata shida na Afganistan biza har sau biyu, an kuma hana yaran Gambiya, sai da duniya ta yi ca kafin aka bar su suka shiga. Ashe kyan zaure yana farawa ne tun daga ko yaro zai iya isa ƙofarsa. Wannan na cikin abin da ya sa nake ganin darajar gasar PARC ta ƙasashen Afirka wadda Dokta Sidy Ndao ya kafa a Senegal. Mu ma a nan, ɗan Abaji ko Kwali ba ya bukatar biza don shiga Maitama, amma yana bukatar kuɗin mota, da wanda zai dawo da shi kafin dare a hanyar Lokoja.

Kada a ce na raina otal. A hanyarmu ta komawa daga gasar farko, duk da hawaye, 'yan matan nan ba abin da suke ta maimaitawa sai yadda suka ga fuskarsu a babban allo, da yadda suka hau lif. Yaron da bai taɓa shiga wurin da aka girmama shi ba, shigar tana yi masa wani abu, kuma bai kamata a ce 'ya'yan talakawa zauren kwano ne kaɗai rabonsu ba. Da masu otal ɗin nan sun sauko da teburin ƙasa, sun ƙara uku, sun kashe fitila ɗaya, sun yanke jawabi shida, da wurinsu ya fi wancan nesa ba kusa ba, kuma duk wannan bai kai kuɗin lemon da aka jera a teburin manyan baƙi ba. Sun shirya wurin ne don idon mai ɗaukar hoto, watau don irina, ni kuwa na ba su abin da suke so.

'Yan matanmu ba su ci kofi a gasa ta biyu ba. Na shida suka zo a wasan tebur, amma alƙalai sun ba su takardar yabo a kan binciken tace ruwa, ɗaya daga cikinsu har ya rubuta musu gyara a bayan takardar, cewa su auna tsawon lokacin da gawayin ke yi kafin a canja shi. Da muka fito, 'yar yayata ta miƙo mini na'urar in riƙe mata tana gyara jaka. Ta fi yadda nake zato nauyi, ga wani haƙori an ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi. Ta ce, "Kawu, wannan karon me za ka rubuta?" Na ce mata ba a aike ni ba. Ta ce to ai sai in aiki kaina.

A watan jiya an sake turo mana takardar gayyata zuwa wata gasar, a wani zaure mai suna a cikin gari. Na roƙi a ba ni aikin. Na isa tun ƙarfe bakwai da rabi, ana jera kujeru, na zaro batirin tocila daga aljihu na ɗora a kan teburin wasa. Wani mai gadi ya zo ya tambaye ni abin da nake yi, muka tsaya tare muna kallonsa yana gangarawa a hankali zuwa katangar hagu.